Akwatin Amfilifayar Jita: Nazarin Yadda Aka Haɗa Shi Aka Kuma Rufe Shi a Wani Shagon Kafinta a Kaduna

Lamarin da za a duba a nan ya shafi wani mai gyaran rediyo da talabijin a Kaduna, wanda kuma yake kaɗa jita a wata ƙungiyar mawaƙa. Ya haɗa wa kansa amfilifaya, wato na'urar ƙara ƙarfin sautin jita, tun daga tushe, sannan aikin ya tsaya masa a wurin da yawancin masu irin wannan ƙoƙari suke cijewa, wato wurin akwati. Na'urar tana aiki kuma tana fitar da sauti mai daɗi, amma tana zube a kan teburin aiki a buɗe: ƙwaryar ƙarfe mai ɗauke da taransifoma 2 da bawul 3 na gilashi irin na tsoffin rediyo, ga lasifika a gefe an jingine ta da bango. A wannan hali ba za a iya fita da ita ko ƙofar shago ba, domin wutar da ke yawo a cikinta ta haura volt 300, kuma akwai sassan da ke riƙe wannan wuta na wani lokaci ko bayan an zare waya daga bango.

Tsarin da ya bi tsohon tsari ne. Ya kwaikwayi ƙaramar amfilifayar kamfanin Fender da ake kira Champ, wadda asalinta ya fito daga masana'antar Leo Fender a garin Fullerton na jihar Kalifoniya a shekarar 1948, kuma samfurin da ya ɗauka shi ne 5F1 na ƙarshen shekarun 1950. Ƙarfinta bai wuce watt 5 ba, lasifikarta inci 8 ce, maɓallin juyawa ɗaya tak gare ta na ƙara murya, kuma bawul ɗinta su ne 12AX7 da 6V6 da 5Y3. Sauƙin tsarin ne ya sa masu haɗa amfilifaya a gida a ƙasashe da dama suke farawa da ita, ana kuma samun zanen akwatinta a intanet ba tare da wahala ba. Da irin wannan zane a cikin wayarsa ya je wurin wani dattijon kafinta da ya saba yin kabad da ƙofofi, a zatonsa aikin yini biyu ne. Abin da zanen bai faɗa ba shi ne cewa an tsara shi ne domin katakon da babu shi a kasuwarmu, da yanayin da ba irin namu ba, da kuma ƙwaryar ƙarfe mai wani girma dabam da wadda shi ya lanƙwasa da hannunsa.

Kafin a shiga batun katako, ya kamata a fahimci aikin da akwatin yake yi wa sauti, domin kafintan ya fara ɗaukarsa a matsayin ma'aji kawai. Duk sa'ad da takardar lasifika ta turo iska gaba, tana janyo iska daga baya a daidai wannan lokaci, kuma idan babu wani shamaki tsakanin gaba da baya, iskar sai ta zagaya gefen lasifikar ta cike gurbin, sautin ya soke kansa. Wannan ya fi shafar murya mai kauri. Tsirkiya mafi kauri ta jita tana karkarwa kusan sau 82 a cikin sakan guda, kuma tsawon zangon irin wannan sauti ya haura mita 4, saboda haka lasifikar da ke tsirara ba ta iya fitar da shi yadda ya kamata. Allon da ake ɗaura lasifika a jikinsa, tare da zurfin akwatin, su ne ke tsawaita hanyar da iskar baya za ta bi kafin ta iso gaba. Akwatunan Fender na wancan zamani a buɗe suke ta baya, wanda ke sa sauti ya bazu a ɗaki ya kuma ba zafin bawul hanyar fita, saɓanin manyan akwatunan Marshall na Ingila masu lasifika 4 na inci 12 da ake rufe bayansu ruf domin sauti ya yi kauri ya nufi gaba. A nan babu zaɓi, tun da bawul ɗin za su zauna cikin akwatin ne tare da lasifikar, dole bayan ya kasance a buɗe.

Fender ya yi amfani da katakon fayin mai kaurin kashi uku cikin huɗu na inci, wato kimanin milimita 19, saboda arha ne a can kuma ba shi da nauyi. Kafintan ya fara ba da shawarar maɗaci, don ƙarfinsa da kyan launinsa, amma maɗaci ya kusa ninka fayin a nauyi, kuma kyan launin ba shi da amfani ga abin da za a lulluɓe. An ajiye batun allon garin katako da ake matsawa da gam, domin da zarar ya sha laima sai ya kumbura, kuma bakinsa ba ya riƙe sukuru. Filawud mai kyau zai yi aikin, shi ne ma abin da Marshall ke amfani da shi, sai dai wanda aka samu a lokacin yana da ramuka a tsakanin shimfiɗunsa, waɗanda ke bayyana da zarar an yanka. A ƙarshe aka tsaya a kan obeche, farin katakon nan mara nauyi da ake kawowa daga dazuzzukan kudu, wanda a Gana ake kira wawa. Nauyinsa ya yi kusa da na fayin, yana yankuwa cikin sauƙi, yana kuma karɓar gam sosai. Yana da aibi biyu da aka san shi da su, wato laushinsa yana sa sukuru ya sassauta idan ana yawan kwancewa, kuma ƙwaron da ke mayar da katako gari yana son sa. An yi tanadin duka biyun daga baya.

A nan ne gizo ke saƙa, domin an sayo katakon ne a ƙarshen damina, yana da sanyi a hannu kuma ya fi yadda ya kamata nauyi. Mai amfilifayar yana son a fara aiki nan take, kafintan kuwa ya ƙi. Abin da ya ce masa a taƙaice shi ne, “Malam, wannan katakon bai gama shan iskar Arewa ba, in muka rufe shi yanzu hunturu zai tona mana asiri.” Hujjarsa ingantacciya ce. Katako yana shan laima daga iska yana kuma sakinta, kuma yayin da yake bushewa yana tsukewa ta faɗinsa, ba ta tsawonsa ba. A Kaduna tazarar da ke tsakanin laimar watan Agusta da bushewar watan Janairu babba ce ƙwarai. Idan aka manna ledar da za a lulluɓe akwatin da ita a kan allon da bai bushe ba, allon zai tsuke a ƙarƙashinta ita kuwa ba za ta bi shi ba, sai ta tattare ta yi layi-layi a tsawon akwatin, ba kuma abin da za a yi mata sai a ɓare ta gaba ɗaya. Kafintan ya yanke allunan da ɗan rara, ya jera su a cikin inuwa da 'yan sanduna a tsakaninsu domin iska ta ratsa ta kowane gefe, ya ɗora nauyi a sama don kada su karkace, ya kuma ja layi da fensir a kan wani guntu ya rubuta faɗinsa. Lokacin da hunturu ya kankama aka sake auna guntun, ya ragu da kusan milimita 3 a faɗin santimita 20. A ganina wannan jira shi ne hukunci mafi muhimmanci da aka yanke a aikin baki ɗaya, kuma ba a kashe ko sisi a kansa ba.

Da aka zo awo, an ajiye zanen intanet gefe aka ɗora ƙwaryar ƙarfen da lasifikar a kan kwali, aka zana su da girmansu na gaskiya. A tsarin Champ na wancan zamani ƙwaryar tana rataye ne a saman akwati ta wajen baya, maɓallin yana kallon sama, bawul ɗin kuma suna reto kansu a ƙasa, daidai bayan lasifika. Taransifomar da aka samu mai karɓar volt 230 ta fi ta Amurka mai volt 120 da ke cikin zanen girma kaɗan, maganaɗisun lasifikar ma ya fi kauri, don haka da an bi zanen sau da ƙafa da gilashin 6V6 ya kusa taɓa maganaɗisun. An ƙara zurfi, akwatin ya tsaya a faɗin santimita 35, tsayin 32, zurfin 20, tare da barin tazarar yatsu biyu tsakanin kowane bawul da duk abin da ke kusa da shi.

Kusurwoyi huɗu na akwatin an haɗa su ne da haɗin haƙori, irin wanda Fender ya yi amfani da shi, inda ake yanka haƙora a bakin kowane allo su shiga cikin na ɗan'uwansa kamar yadda mutum ke sarƙe yatsun hannayensa biyu. Dalilin wannan haɗi shi ne gam ba ya kama ƙarshen allo da kyau, saboda ƙofofin jijiyar katakon suna tsotse shi, amma haƙoran suna samar da fili mai yawa inda gefen jijiya ke haɗuwa da gefen jijiya. Ga abin da za a riƙa ɗauka da hannu ɗaya daga sama, alhali nauyin taransifoma yana jan sa ƙasa kuma lasifika tana girgiza shi, haɗin ƙusa kawai ba zai daɗe ba. Kafintan ya yanke haƙoran da zarto da kurfi, kowane ɗaya faɗin milimita 12, ya gwada haɗin a bushe tukuna, sannan ya shafa farin gam na katako ya ɗaure da igiyar roba. Kafin gam ɗin ya kama ya auna daga kusurwa zuwa kusurwar da ke fuskantarta ta ɓangarori biyu har awon ya zo daidai, wanda shi ne tabbacin cewa akwatin bai karkace ba. Ya kuma lura jijiyar dukkan allunan huɗu ta bi zagayen akwatin, ta yadda duk wani ɗan motsi da ya rage zai same su tare.

Bayan haka aka kankare dukkan bakunan waje suka zama masu lanƙwasa, aka cike kowane ɗan rami da garin katako da aka kwaɓa da gam, aka goge da samfefa. Mutane da yawa suna zaton rufi zai ɓoye aibin katako, alhali leda mai sheƙi tana fito da shi ne fili, har ɗan ɗigon gam da ya bushe sai an gan shi ya yi tudu. Cikin akwatin an shafa masa maganin ƙwari, sannan baƙin fenti, domin ya rage shan laima.

Matsala ta farko ta fito ne daga ƙwarewar kafintan kanta. Ya yanke allon lasifika daga filawud mai kaurin milimita 9, ya fafe masa rami mai faɗin kimanin inci 7, ya kuma daidaita shi da bakin akwatin yadda ko reza ba za ta shiga tsakaninsu ba, kamar yadda ya saba yi wa ƙofar kabad. Amma ledar rufi za ta lanƙwaso ta shiga cikin bakin akwatin ta kowane gefe, ƙyallen fuska da ke rufe gaban lasifika ma zai naɗe bakin allon, kuma kaurin waɗannan biyu ya kai kusan milimita 3 a kowane ɓangare. An gano haka ne da aka sa guntun leda da guntun ƙyalle aka gwada, allon ya ƙi shiga sam. Da yake ba a riga an manna komai ba, rage allon aka yi kawai, aka kuma yi wa allunan baya na sama da na ƙasa, waɗanda ba su rufe bayan duka ba, irin wannan ragi. An shafa wa fuskar allon baƙin fenti mara sheƙi don kada farin katako ya riƙa leƙowa ta cikin ƙyalle, aka zura ƙusoshi masu noti guda 4 na ɗaure lasifika daga gaba, aka binne kawunansu aka kafe su da gam mai ƙarfi, domin da zarar an ja ƙyalle a kansu ba sauran hanyar riƙe su idan suka fara juyawa.

Amfilifayoyin Fender na shekarun 1950 an rufe su ne da wani yadin auduga mai saƙar karkace, ruwan ɗorawa da ƙasa-ƙasa, irin wanda ake yi wa akwatunan tafiya, ana kuma shafa masa man sheƙi a kai. Daga wajen 1960 kamfanin ya koma ga Tolex, wata leda mai yadi a bayanta ta kamfanin General Tire. Ba ɗaya daga cikinsu da ake samu a nan sai an yi oda daga waje, kuma kuɗin kawo yadi guda ya fi na katakon duka. Mai amfilifayar ya so a yi amfani da atamfa ko saƙi, abin da zai yi kyau a ido, sai dai yadi yana tsotse gam ya fito da tabo ta gaba, kuma ƙura tana kama shi, sai an bi shi da man sheƙi hawa-hawa. An koma wurin masu ɗinkin kujerun mota aka zaɓi baƙar ledar kujera. Ba kowace ce ta dace ba: mai soso a baya tana da kauri, ba ta kwanciya a kusurwa kuma tana yagewa da zarar ta gogi wani abu, mai yawan miƙewa kuma tana komawa yadda take bayan an ja ta. An ɗauki siririya mai saƙaƙƙen yadi a baya, aka ja ta ta ɓangarori biyu don a ga inda ta fi miƙewa, aka yanke ƙyalle ɗaya mai tsawon santimita 140 da faɗin 34 ta ɓangaren da ba ya miƙewa sosai, yadda zai zagaye akwatin baki ɗaya bakunansa su haɗu a ƙasa, inda ido ba ya kaiwa.

Gam ɗin da aka yi amfani da shi irin na masu takalma ne, wanda ake shafawa a fuskoki biyu a bar shi ya sha iska kafin a haɗa. An yi aikin a rumfa a buɗe, nesa da duk wata wuta, saboda tururinsa yana kamawa kuma yana hawa kai. Wannan gam ba ya ba da damar gyara, inda leda ta sauka nan ta zauna, shi ya sa aka ja layin tsakiya a bayan ledar da kuma a jikin akwatin, aka riƙa yin fuska ɗaya bayan ɗaya, daga ƙasa zuwa gefe, zuwa sama, zuwa ɗaya gefen. A iskar hunturu gam ɗin yana bushewa da wuri, obeche kuma yana shanye shafin farko, musamman a kan haƙoran kusurwa, saboda haka sai da aka yi wa katakon shafi biyu. Alamar da kafintan ke dubawa ita ce ya taɓa da bayan yatsa, gam ɗin ya yi danƙo amma kada ya biyo fata. Idan aka yi gaggawar haɗawa yana da ɗanye, tururin da ya maƙale a ciki yana tausasa ledar ya tayar da ƙuraje bayan kwana ɗaya ko biyu. Kowace fuska da aka shimfiɗa, an bi ta da kwalba ana murzawa daga tsakiya zuwa baki don a kori iska. Da bakunan biyu suka haɗu a ƙasa, an ɗora ɗaya a kan ɗaya, aka aza rula ta ƙarfe aka yanke su tare da sabuwar reza, aka zare rarar sama da ta ƙasa, bakunan suka faɗa wa juna daidai.

Kusurwoyi 8 su ne ma'aunin gwanintar mai rufi, domin a kowace ɗaya leda mai shimfiɗe za ta rufe wurin da ya lanƙwasa ta fuska uku. Kafintan ya fara shafa baƙar tawada a kan katakon kusurwar, ta yadda ko ledar ta ɗan buɗe farin katako ba zai bayyana ba. Daga nan ya kwantar da leɓe ɗaya, ya ɗora na biyu a kansa, ya tsaga su tare a karkace daga tsinin kusurwar zuwa ciki, ya cire 'yan guntayen, ya matse bakunan da babban yatsa har layin ya kusa ɓacewa. Tsagar ba ta kaiwa can kan lanƙwasar, ana tsayar da ita kaɗan kafin nan, a ɗumama ledar da na'urar busar da gashi ta yi laushi ta rufe sauran. A kusurwoyin gaba an yi wannan a hankali. A na baya ta sama, inda aka fafe wa maɓalli wuri, lanƙwasar ta shiga ciki ne, ledar ta ƙi kwanciya, aka ƙara mata zafi aka ja ta da ƙarfi har ta bi.

Ƙyallen fuska an zaɓe shi ta hanyar hura iska ta cikinsa, wanda iska ta ratsa ba tare da tirjiya ba shi aka ɗauka, aka ja shi tamau a kan wasu siraran sanduna da suka ɗaga shi daga jikin allon don kada ya riƙa marinsa idan sauti ya yi ƙarfi. Mariƙin sama da ƙwaryar ƙarfen duk an ɗaure su da ƙusoshi masu noti da suka ratsa katakon, tare da faffaɗan zoben ƙarfe a ƙarƙashin notin ta ciki, saboda laushin obeche da aka ambata. Allon baya na sama, wanda ke rufe bakin ƙwaryar, an manna masa takardar alminiyam ta ciki yadda za ta taɓa ƙarfen, domin ta tare ƙugin da wayoyin wuta da fitilu ke jawowa. Mai amfilifayar ya kuma sa waya mai ƙafa uku, ya ɗaure waya ta uku, mai kai wuta ƙasa, a jikin ƙwaryar da nata noti, kuma wannan ba abin sakaci ba ne, tun da tsirkiyoyin jita a haɗe suke da wannan ƙarfe ta cikin wayar jitar, hannun makaɗi kuma a kansu yake.

Gwajin farko ya nuna bambanci a fili, domin murya mai kauri da ta ɓace lokacin da lasifikar ke jingine da bango ta dawo. Amma a wasu muryoyi masu kauri ana jin wani zuzu, sai aka riƙa kaɗa tsirkiya ɗaya bayan ɗaya ana dafa sassan akwatin da tafin hannu, har aka gano allon baya na ƙasa ne ke bugun sandar da yake zaune a kai. Siririn ƙyalle da aka shimfiɗa a tsakaninsu da ƙarin sukuru guda ya kashe shi. Masu sha'awar waɗannan na'urori suna yawan muhawara a kan ko nau'in katako yana canza sauti. Abin da wannan aiki ya nuna mini shi ne lasifikar kanta, da buɗaɗɗen bayan, da kuma tsaurin haɗin sun fi nau'in itacen tasiri nesa ba kusa ba, kuma obeche bai rage wa na'urar komai ba.

Matsala ta biyu ta bayyana ne da bazara ta shigo. A daidai wurin nan na baya da aka ja ledar da ƙarfi, bakinta ya fara ɗagowa yana ja da baya. Dalilai biyu ne suka haɗu: ledar da aka miƙar fiye da kima tana neman komawa girmanta, kuma wurin yana saman bawul ɗin 6V6 da 5Y3, waɗanda gilashinsu ke yin zafin da ba a iya taɓawa, ga zafin gari a kai, sai gam ɗin ya yi laushi ya sake ta. An ɗaga wurin aka kankare tsohon gam, aka tsattsaga leɓen ledar ƙanana-ƙanana yadda zai bi lanƙwasar ba tare da ja ba, aka sake mannawa, sannan aka kafe bakin ta ciki da ƙananan ƙusoshin masu kujera, aka kuma bi sauran bakunan ciki da su. An rage tsayin allon baya na sama da santimita 2 domin iska mai zafi ta sami ƙarin mafita, aka sa wa akwatin ƙafafun roba da suka ɗaga shi daga siminti.

Akwatin ya ratsa daminar da ta biyo baya ba tare da ledar ta tattare ko haɗin ya buɗe ba, sai dai allon baya ya ɗan yi tsauri wajen cirewa a watan Agusta, ya kuma saki da iska ta bushe. Yanzu mai shi yana tunanin sauya lasifikar da mai inci 10 domin wuraren biki. Faɗin akwatin zai ɗauke ta, kuma da yake allon lasifikar da sukuru aka ɗaure shi ba da gam ba, sabon allo kawai za a yanka, amma sai an sake auna tazarar da ke tsakanin sabon maganaɗisun da gilashin bawul kafin a saya.